Fashin Baƙi: Me Ya Kai Dangin Gawayi Cikin Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam?

Me ya sa masana suke neman ajiye ƙarafa masu daraja irin su filatinam da zinare, su koma ga kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir, wajen ƙera na'urorin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa? Tambayar ta ƙara ƙarfi ne a watan Satumba na 2024, lokacin da kamfanin INBRAIN Neuroelectronics na birnin Basalona a Sifaniya ya sanar da cewa likitoci a asibitin Salford Royal, kusa da Manchesta a Ingila, sun shimfiɗa wata siririyar leda mai ɗauke da girafin, wani nau'in kabon mai matuƙar sirantaka, a kan ƙwaƙwalwar wani majinyaci, ana tsakiyar yi masa tiyatar cire ƙari. Wata takwas kafin nan, a Janairu, kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa tasa na'urar a kan wani matashi Ba'amurke, Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa tun 2016.

Labaran biyu sun cakuɗe a bakin mutane. Wasu suka ce ai an fara dasa na'urar karanta zuciyar mutum. Wasu kuma da suka ji kalmar girafin sai suka tuno jita-jitar da ta zaga wayoyi a 2021, cewa an zuba shi a rigakafin korona don a riƙa sarrafa jama'a daga nesa. Wancan zance ƙarya ne, babu girafin a jerin kayan haɗin rigakafin. Ainihin matsalar da ta kai masana ga kabon ta fi wannan sauƙin fahimta, ta kuma fi shi wuyar warwarewa: yaya za a yi abu marar rai ya zauna cikin nama mai rai shekara da shekaru, yana sauraro, ba tare da ɗaya ya lalata ɗaya ba?

Abin da na'urar take ji

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, wato sun ninka yawan mutanen duniya sau goma. Duk ƙwayar da za ta aika saƙo, sai ta saki ɗan tartsatsin lantarki da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Tartsatsin yana da rauni ainun. Idan aka auna shi daga wajen ƙwayar, batirin tocila mai bolt 1.5 ya ninka shi sau dubu goma ko fiye.

Abin da ke kama wannan tartsatsi shi ne ɗan bakin wayar da ke taɓa naman, wanda masana ke kira elektrod. Shi ne kunnen na'urar, kuma kunne ne mai gajeren ji. Ƙwayoyin da ke makwabtaka da shi kawai yake ji, waɗanda ba su wuce nisan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na'urar Neuralink da aka dasa wa Arbaugh tana da irin waɗannan kunnuwa 1,024 a jikin zarurruka 64. Kwatanta wannan adadi da biliyan 86, za ka ga iyakar abin.

Duk da haka, ɗan abin da ake ji yana yin aiki mai ban mamaki idan an sa kunnen a wurin da ya dace. A 2023 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bayyana yadda wata mata, Pat Bennett, wadda cutar shanyewar jijiyoyi ta ALS ta hana ta magana, ta riƙa fitar da kalma 62 a minti ɗaya a allon kwamfuta. An dasa mata elektrod ne a ɓangaren da ke juya leɓe da harshe, ita kuma tana yunƙurin furta kalmomin, kwamfuta tana koyon salon tartsatsin da ke tafiya da kowane sauti. Sai da aka buɗe ƙoƙon kai, sai da ta amince, sai da aka yi zaman horo iri-iri. Ba abu ne da za a cusa wa mutum ta allurar hannu ba.

Allura a cikin awara

Na'urar da aka fi daɗewa ana dasa wa mutane domin irin wannan aiki ita ce faifan Utah, wanda Richard Normann ya ƙirƙiro a Jami'ar Utah. Ɗan faifai ne na silikon, milimita 4 a tsaye, 4 a kwance, da allurai 100 a jere kamar haƙoran buroshi, kowace tsawonta milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A 2004 aka dasa wa Matt Nagle shi, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da niyyarsa kawai.

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa kan rago a wajen mahauci ya san yadda ƙwaƙwalwa take. Ba ta da tauri ko kaɗan, ta fi kusa da ɗanyar awarar da ba a matse ba. Silikon kuwa ya fi ta tauri kusan sau miliyan 100. Ƙari a kan haka, ƙwaƙwalwa ba a tsaye take cik ba. Tana yawo ne a cikin ruwa, tana ɗan harbawa da kowane bugun zuciya, tana ɗan motsi da kowane numfashi. To ka soka allura a awara, ka ɗaure gindin allurar a jikin kwano, ka ɗora kwanon a bayan babur a hanya mai gargada. Kafin a isa gida allurar ta ƙwaƙule rami a kewayenta.

Jiki ba ya zuba ido. Ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa suna taruwa a wurin, su kewaye baƙon, su gina masa katangar tabo, kamar yadda fata ke yin kanta a kewayen ƙayar da ta daɗe a tafin ƙafa. Ƙwayoyin jijiyar da ke daf da allurar wasu su mutu, wasu tabon ya ture su nesa. Tunda kunnen gajeren ji ne da shi, sai sautin ya riƙa dusashewa, elektrod ɗaya bayan ɗaya, cikin watanni ko 'yan shekaru. Adalci ne a faɗi cewa faifan Utah yana iya yin ƙarko. Nathan Copeland, wanda aka dasa wa a Jami'ar Pittsburgh a 2015 kuma ya gaisa da Shugaba Barack Obama da hannun mutum-mutumi a 2016, ya yi shekaru masu yawa nasa yana aiki. Sai dai ba kowa ne ke samun wannan sa'a ba, kuma likita ba zai iya yi wa matashi ɗan shekara 25 alkawarin abin zai raka shi zuwa tsufa ba.

Dalilin da ya sa aka koma ga leda mai lanƙwasa ke nan, mai bin motsin ƙwaƙwalwa maimakon ta yi jayayya da shi. Ita ma da nata. Makonni kaɗan bayan tiyatar Arbaugh, yawancin zarurrukan Neuralink suka zame suka ja baya daga inda aka soka su, sai da injiniyoyi suka sake fasalin manhajar kafin aikin ya dawo.

Inda ƙarfe yake gajiya

Akwai matsala ta biyu, ita kuma ta lantarki ce. A cikin waya, elektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, ne ke gudu. A cikin jiki kuwa, gishirin da ya narke a ruwa, irin su sodiyam da fotasiyam, shi ke ɗaukar lantarki. Fuskar elektrod ita ce inda ake juya wannan zuwa wancan, kamar rumfar ɗan canji a kan iyakar Jibiya, mai karɓar sefa ya ba da naira. Idan rumfar tana da faɗi, ciniki ya tafi salin-alin. Idan aka matse ta, layi ya yi tsawo, hayaniya ta yi yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Don a rage rauni kuma a ji ƙwaya ɗaya-ɗaya, ana son elektrod ƙarami sosai. Amma yana ƙanƙancewa turjiyarsa ga lantarki tana hawa, sai saƙon ya nutse cikin shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. Idan kuma ana son a tura wa ƙwaƙwalwa lantarki, kamar yadda ake yi wa masu cutar makyarkyata ta Parkinson tun bayan aikin Alim-Louis Benabid a Faransa a 1987, ƙaramin filatinam yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Aka wuce iyakar, ruwan da ke kewaye ya fara tsinkewa, ƙarfen kansa ya fara narkewa kaɗan-kaɗan cikin nama. Sannan ƙarfe yana jefa inuwa a hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, doguwar waya kuma tana iya ɗaukar zafi a cikin na'urar ɗaukar hoton, alhali masu irin waɗannan cututtuka su ne suka fi buƙatar a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu.

Kabon suna ɗaya ne, hali daban-daban

Duk wanda ya taɓa fasa mataccen batirin tocila yana yaro ya ga wani baƙin sanda a tsakiyarsa, mai baƙanta yatsu. Wannan sanda kabon ne, kuma elektrod ne. Gwangwanin batirin yana iya ciyuwa ya ɓule, amma sandan sai ka same shi lafiya lau. Halin da masana ke kwaɗayi ke nan: yana wuce da lantarki, ba ya tsatsa, kuma yana jure ruwan gishiri. Gawayi, bakin fensir da lu'ulu'un daimon duk kabon ne, jerin ƙwayoyin zarra a cikinsu ne ya bambanta.

Mafi tsufa a wannan fage shi ne zaren kabon, irin wanda ake saƙawa a yi jikin jirgin sama da keken tsere. Tun 1979 masana a Ingila da Faransa suka fara soka shi a ƙwaƙwalwar dabbobi. Kaurinsa kimanin maikuromita 7 ne (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato kusan kashi ɗaya cikin goma na silin gashi. A 2012 Takashi Kozai da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa irin wannan zare yana kama tartsatsin ƙwaya ɗaya a ƙwaƙwalwar ɓera, kuma raunin da yake bari bai kai na allurar silikon ba.

A nan akwai wani abu da rahotanni kan tsallake. Zaren kabon ba shi da laushi. A matsayinsa na abu, ya ma fi silikon tauri. Sirantaka ce ke sa shi lanƙwasa, domin idan ka rage kaurin zare zuwa rabi, sauƙin lanƙwasarsa yana ninkuwa sau 16. Taurin nan ma alheri ne, shi ya sa gajeren zaren ke iya huda nama da kansa. Ledar da ta cika laushi kuwa kamar ka ce za ka tura zare cikin yadi ne babu allura, dole sai an haɗa ta da wata allurar rakiya da za a zare daga baya, ko a shafe ta da wani abu mai ƙandarewa da zai narke bayan ta shiga. Zaren kabon yana da wata baiwar kuma: yana iya auna sinadaran ƙwaƙwalwa irin su dofamin, wanda ƙarancinsa ke kawo alamun Parkinson. Mark Wightman a Amurka ya shafe shekaru yana gyara wannan dabara. Cikas ɗinsa shi ne haɗawa. Galibi da hannu ake jera zarurrukan, ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma suna karyewa da wuri. Abin da ɗalibi zai kwana yana haɗawa don ɓera guda ba shi ne masana'anta za ta buga dubbai don asibitoci ba.

Sai girafin, wanda ya fi kowanne suna. Shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, jere kamar saƙar zuma. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓantaro shi daga girafait, wato kayan bakin fensir, da salatif, a Jami'ar Manchesta, kuma suka sami kyautar Nobel a 2010. Kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake tarewa, don haka ana gani ta cikinsa. A 2014 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jami'ar Pennsylvania, ɗaya a Jami'ar Wisconsin, suka fito da elektrod na girafin da za a shimfiɗa a kan ƙwaƙwalwar dabba a riƙa sauraron lantarki, a lokaci guda kuma ana kallon ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa da madubi. Ƙarfe ba ya ba da wannan dama, domin yana rufe abin da yake saurare.

Amma shimfiɗa ɗaya ta girafin rumfar canji ce mai ƙunci. Turjiyarta tana da yawa, kuma ba ta iya tura lantarkin kirki. Mafitar da masanan cibiyar ICN2 ta Basalona suka samo, ƙarƙashin Jose Garrido, ita ce su tara ɓarɓashin girafin hawa-hawa ya zama kamar soso mai ƙananan ramuka, yadda ruwan jiki zai ratsa ciki. Daga waje elektrod ɗin ƙarami ne, faɗinsa maikuromita 25, amma daga ciki fuskarsa tana da yalwa. A rahoton da suka wallafa a 2024, lantarkin da yake iya turawa lafiya ya ninka na filatinam tsura sau da dama. Wannan fasaha ce INBRAIN ta ɗauka, a kan leda mai kaurin maikuromita 10 ko makamancin haka.

Abin da ya fi burge ni a aikin Basalona shi ne wani reshe da ba a cika ambata ba. Sun ƙera ƙananan taransisto na girafin masu jin igiyar lantarki mai tafiyar hawainiya, wadda kan ɗauki fiye da daƙiƙa goma kafin ta yi zagaye ɗaya. Ƙananan elektrod na ƙarfe ba su iya riƙe irin wannan saƙo da kyau. Ita kuwa wannan igiya tana bayyana a farfaɗiya da bugun jini a ƙwaƙwalwa, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna ana iya ganinta tana tasowa tare da farfaɗiyar. Ga likitan da ke neman daidai inda cutar ke tashi don ya yanke, wannan ƙarin ido ne.

Sauran dangin za a iya ambatarsu a taƙaice. Akwai ƙananan bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, waɗanda ƙungiyar Matteo Pasquali a Jami'ar Rice ta murza suka zama zare mai laushi, aka gwada a ɓeraye a 2015. Akwai kabon mai kama da gilashi, wanda ake samu ta hanyar gasa wata irin roba a zafin da ya kai digiri 1,000 ba tare da iskar oksijin ba. Sam Kassegne na Jami'ar Jihar San Diego ya yi fice a kansa, kuma inuwarsa a hoton MRI ba ta kai ta filatinam ba. Har daimon ma ya shigo. Shi ba ya wuce da lantarki sai an gauraya shi da boron ko naitirojin, kuma masana a Melbon ta Ostireliya sun yi amfani da shi wajen ƙera na'urar dasawa a ido.

Abin da masu taka-tsantsan ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce lokaci. Filatinam ya yi shekaru gommai a cikin kunnuwa da kawunan dubban ɗaruruwan mutane, an san halinsa, har da aibinsa. Yawancin abin da aka sani game da kabon kuwa daga ɓeraye ne, na makonni ko watanni. Ko gwajin Salford, an tsara shi ne don majinyata takwas zuwa goma, babban burinsa a tabbatar babu cutarwa, kuma ledar tana kan ƙwaƙwalwa ne iya lokacin tiyata, a cire ta kafin a ɗinke kan. Kamfanin ya ce na'urar ta iya bambanta lafiyayyen nama da mai ƙari. Ci gaba ne na gaske, amma tsakanin sa'a guda da shekara ashirin akwai tafiya.

Ta biyu ita ce ɓarɓashi. A 2008 wani bincike ya nuna cewa dogayen bututun kabon masu tauri, da aka sa a cikin ɓeraye, sun jawo kumburi irin wanda asbestos ke jawowa. A 2014 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani nau'i guda na bututun a jerin abubuwan da ka iya jawo daji. Wancan hukunci ya fi shafar ƙurar da ma'aikaci zai shaƙa, ba abin da aka manne a jikin leda ba. Duk da haka tambayar tana nan daram: idan wani ɗan yanki ya ɓalle bayan shekara goma, ina zai je?

Ta uku, na'urar ba kabon ba ce zalla. Fuskar elektrod ɗin ce kabon. Wayoyin da ke kai saƙo sau da yawa zinare ne, rigarsu kuma leda. Ruwan gishiri mai ɗumi yana da haƙurin nemo kafa, kuma na'urori da yawa a nan suke mutuwa, inda leda ta saki ko mahaɗa ta jiƙe. Ingancin baki ba ya ceton wayar da ruwa ya shiga. Ƙera girafin ɗin ma aiki ne: mai shimfiɗa ɗaya ana tsirar da shi ne a kan fallen tagulla a zafi mai tsanani, sannan a ɗauke shi a mayar kan leda, kuma wajen ɗaukar yana yagewa. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin girafin na yuro biliyan ɗaya a 2013, na shekara goma, kuma sai bayan cikarsa aka kai ga kan mutum na farko.

Wa zai amfana, kuma yaushe?

Waɗanda za su fara cin moriya, a ganina, su ne masu buƙatar na'urar na ɗan lokaci: mai ƙari da likita ke son ya yanke cuta ba tare da ya taɓa wurin magana ba, da mai farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, wanda ake sa wa elektrod na mako ɗaya ko biyu don a gano tushenta. A nan ƙarkon shekaru ba shi ne sharaɗi ba, kaifin ji ake nema. Masu Parkinson da masu shanyewar jiki za su jira, domin tasu sai ta zauna.

Farfaɗiya ce inda zancen ya fi kusanto mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su magani yadda ya kamata, kuma akwai maganin da kuɗinsa bai wuce dala 5 ba a shekara, amma kashi uku cikin huɗu na masu cutar a ƙasashe matalauta ba sa samu. A garuruwanmu har yau akwai yaron da ake cirewa daga makaranta, ana gudun yawunsa, ana cewa iska ce. Wannan yaro ba girafin yake jira ba, ƙwayar magani yake jira da wanda zai gaya wa iyayensa cewa abin da ke kayar da shi lantarki ne da ya rikice a ƙwaƙwalwa, wanda ake iya aunawa har a zana shi a takarda.

Akwai kuma abin da ya shafi duk wanda za a dasa wa na'ura, ko ta kabon ce ko ta ƙarfe. Kamfanin Second Sight na Amurka ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar ido mai suna Argus II, sannan ya daina ƙera ta a 2019, ya kusa durƙushewa a 2020, aka bar mutane da kaya a ido babu tabbacin mai gyara. Saƙonnin da ake kwasowa daga ƙwaƙwalwa su ma sai an san mai su. Ƙasar Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwa, jihar Colorado ta Amurka ta yi doka a kan haka a 2024.

A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa na'urar INBRAIN ta masu Parkinson a sahun waɗanda za a gaggauta dubawa. Wannan ba izinin sayarwa ba ne, hanya ce aka share wa gwaji. A wancan gwajin ne za a ɗinke kan majinyaci da girafin a ciki, ya koma gida, a ga ko kunnen zai ci gaba da ji bayan shekara ɗaya, bayan biyar, da kuma irin tabon da naman zai yi a kewayensa.